Abin da Kawu bai samu ba

Yaya, ina gaisuwa. Ka ce in ba ka labarin aikina a nan Leeds. Wata takwas ke nan ina jinyar wani dattijon Bature mai ciwon da suke kira MND, wato mutuwar jijiyoyin da ke motsa jiki. Ranar da na fara ganinsa sai da gabana ya faɗi, domin Kawu na Tudun Wada na gani, Allah ya jiƙansa. Hannu ya ƙi riƙe cokali, harshe ya yi nauyi, ko ruwa ya kurɓa sai ya ƙware, amma hankali garau. Ka tuna mu shanyewar ɓarin jiki muka ce, wasu suka ce sammu ne.

Har a nan ciwon ba ya warkewa. Ƙwayar da ake bayarwa, riluzole, 'yan watanni take ƙarawa, kuma fiye da rabin masu ciwon ba sa wuce shekara 2 bayan an gano shi. A wajen jinya ne suka bar mu a baya. Asibitin gwamnati ya ba dattijon keke mai lantarki da na'urar taya numfashi da dare. Sauran kuma wata ƙungiyar agaji ke cikewa, MND Association, da aka kafa a 1979. Tana ba da aron kaya da tallafin kuɗi, 'yan sa kai su zo hira. Kuɗin daga aljihun jama'a yake fitowa. Da Rob Burrow, ɗan wasan rugby na garin nan, ya kamu a 2019, abokinsa Kevin Sinfield ya yi ta gudun fanfalaki har ya tara miliyoyin fam. Burrow ya rasu a 2024.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne murya. Tun bakin dattijon na fita aka sa ya karanta jimloli masu yawa, kwamfuta ta adana. Yanzu da ido yake zaɓar haruffa a allo, ita kuma ta faɗa da muryarsa ta da. Ran nan ya ce wa matarsa ta ja masa bargo, ƙafarsa ta yi sanyi. Wallahi sai da na fita waje na share hawaye. Kawu ya yi watanni yana bin mu da ido, muna ta kintace.

Sai dai fa akan yi kwana uku ba wanda ya ƙwanƙwasa musu ƙofa sai ni. Kawu kuwa tabarmar ƙofar ɗakinsa ba ta taɓa rabuwa da 'yan dubiya ba, almajiransa har rububin ɗaga shi suke yi.

Ga roƙona. Na turo maka hoton ƙarfen da muke ɗaga majinyaci da shi daga gado zuwa keke, ba tare da an ja masa kafaɗa ba. Ka kai wa masu walda a Panteka su duba. In za su iya, ni zan biya na farko, a ajiye a masallacin unguwa tare da keke biyu, duk gidan da ke da mai jinya ya ara.