Internet Archive: rumbun tsoffin fina-finan mata 'yan albashi na Amurka

Mai son ganin yadda mace 'yar albashi take kasafta kuɗinta a Amurka bayan karyewar kasuwar hannun jari ta 1929, shafin Internet Archive ya ishe shi, kuma kyauta ne. Data kawai zai ci, ita ce kuwa abin lissafi a nan Garwa ta Kamaru.

Kowane fim yana da nau'in fayil fiye da ɗaya a gefen shafi. A ɗauki ƙaramin MP4, wanda kan zo da 'yan ɗaruruwan megabait. Babban fayil na asali yakan kai gigabait da yawa, kuma memorin da ke kan tsohon tsarin adana fayil na FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4, sai turawar ta tsaya a hanya. A sauke shi tukuna, kada a kalla kai tsaye. Da layin MTN ko Orange ya yi rauni hoton zai riƙa tsinkewa. Manhajar kallon bidiyo ta VLC tana buɗe shi lafiya.

Abin da ya sa wahalar ta biya shi ne kuɗi a fili suke a waɗannan fina-finai. Za ka ga yarinyar kanti ta zazzage jakarta a kan gado tana ware na haya, mai gidan haya kuma na tsaye bakin ƙofa. Kofi senti 5, jirgin ƙarƙashin ƙasa na Niyok senti 5, safa ta yage a ɗinke ta da dare don ba halin sabuwa. A 1933 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikata ba su da aiki. Wata doka ta 1932 ta sa in miji da mata duk suna aikin gwamnatin tarayya, ɗayansu ake fara sallama in za a rage ma'aikata, galibi matar. Da aka kafa mafi ƙarancin albashi a 1938, senti 25 ne a awa: mako mai awa 44 ya ba da dala 11. Duk telar da ke raba cinikin mako tsakanin haya, kuɗin mashin da cefane ta san wannan lissafi.

Sai dai a yi hattara da sutura. Kamfanonin fim suna sa wa sakatariya rigar da albashinta na wata ba zai saya ba. Fina-finan da aka yi kafin Yulin 1934, lokacin da aka tsananta tace fina-finai, sun fi faɗin gaskiya kan maigidan da ke neman ma'aikaciyarsa da lalata.

Raunin rumbun na nan. Fim ɗaya sai a same shi sau uku, wani dishi-dishi, wani muryar ta riga baki. Fassarar Faransanci a ƙasan allo ba kasafai ake samu ba. In an samo fayil ɗin fassarar, wato SRT, a ba shi suna ɗaya da fim ɗin, a aje su wuri guda. Yawancin na manyan kamfanoni kuma har yanzu suna da haƙƙin mallaka, wanda ke kai shekara 95 a Amurka, shi ya sa waɗanda haƙƙinsu ya faɗi don ba a sabunta rajistarsu ba suka fi yawa a rumbun.