GNU Octave da jingar jijjiga: manhajar da ta fitar da ni kunya

A aji uku na injiniyancin makanikanci malaminmu ya ba mu jinga: nauyi mai kilo 2 a jikin sifirin mai ƙarfin niyuton 200 a kowace mita, da abin rage jijjiga mai ƙarfin 4, irin aikin da shokazoba ke yi a mota. A ja nauyin santimita 5, a sake shi, a zana kai-komonsa. Ya ce da MATLAB, wata manhajar lissafi ta kwamfuta, ake so a yi. Ni kuwa aljihuna bai kai kuɗin lasisi ba, sai wani ɗan ajinmu ya turo min Octave a filash.

Kyauta ce, kuma ba ta buƙatar data, ko an ɗauke wuta muddin da caji a kwamfuta aiki na tafiya. Rubutun umarninta kusan ɗaya ne da na MATLAB. John Eaton ne ya fara rubuta ta, ya sa mata sunan malaminsa, Octave Levenspiel.

Daren farko na ɗauka manhajar ce ta haukace. Na rubuta hanyar Euler da hannuna, wato lissafa motsin mataki-mataki, na sa tazarar daƙiƙa 0.05 tsakanin matakan, sai ga lilon yana ƙara girma maimakon ya lafa, kamar aljani ne ke tura nauyin. Ashe laifina ne. A wannan lissafin, tazarar Euler in ta wuce 0.02 ƙarfin ƙarya take ƙara wa tsarin. Da na raba lissafin gida biyu, ɗaya na matsayi ɗaya na gudu, na miƙa wa ode45, umarnin da ke warware irin wannan lissafi a cikin manhajar, layi bai kai goma ba zane ya fito tas.

Ban yarda ba sai da na gwada da biro. Tushen 200 bisa 2 ya ba ni radiyan 10 a daƙiƙa, wato zagaye ɗaya kusan daƙiƙa 0.63. Tudu na biyu ya kamata ya tsaya wajen santimita 2.7, kuma can ya tsaya. Na ɗaga abin rage jijjigar zuwa 40, nauyin ya koma mazauninsa ba lilo ko ɗaya.

Abu guda: ba ta da irin Simulink, inda ake jona akwatuna da linzami. Wanda malaminsa ya nace sai zanen akwatuna, sai ya nemi kwamfutar ɗakin gwaji. Namu bai nace ba. Fayil ɗin da na rubuta a Octave shi malamin ya buɗe a MATLAB ɗinsa, ya gudana ba tare da an taɓa ko waƙafi ba.