Madaurin Polar H10 a Ƙirjin Makaɗin Kalangu a Jidda

Kawuna ya shafe fiye da shekara talatin yana kiɗan kalangu a bukukuwan Hausawa na Jidda da Makka, kuma tun da shekaru suka fara ja muke ganin yana dawowa daga biki a galabaice kamar wanda ya wuni yana dako. Ni ma'aikacin jinya ne, shi ya sa na so in ga abin da zuciyarsa take yi a lokacin da yake kiɗa. Da farko na ɗaura masa wani agogon hannu mai auna bugun zuciya, amma bai biya bukata ba, domin irin wannan agogo koren haske yake haskawa a fata ya karanta kai-kawon jini, hannun makaɗi kuwa ba ya zama wuri ɗaya, sai lambobin suka riƙa hawa da sauka ba bisa ƙa'ida ba. Daga nan ne na sayi madaurin ƙirji na Polar H10.

Kamfanin Polar na ƙasar Finlan ne, an kafa shi a 1977, shi ne ya fito da na'urar auna bugun zuciya ta farko marar waya da ake ɗaurawa a jiki a 1982, samfurin H10 kuma ya shigo kasuwa a 2017. Madauri ne mai laushi da ake zagaya ƙirji da shi, yana ɗaukar ɗan lantarkin da zuciya take fitarwa a kowane bugu, irin wanda muke gani a na'urar gwajin zuciya ta asibiti. Ana jiƙa cikinsa da ruwa kafin a ɗaura, ko da yake a zafin Jidda gumi yakan karɓi wannan aiki cikin mintoci kaɗan. Yana haɗuwa da waya ta Bluetooth, batirinsa ɗan ƙarami ne mai lamba CR2025, kuma yana iya adana bayanan awo na zama guda a cikinsa. Wannan ya yi mini amfani ƙwarai, domin makaɗi yana ratsa taro, ba zai riƙe waya ba. Sai dai wanda yake da biki biyu a jere dole ya sauke bayanan farko kafin ya tafi na biyu.

Mun gwada shi a wani ɗakin biki a kudancin birni, bayan sallar isha'i. Kawu ya ɗan yi jinkiri da ya ga madaurin, ya ce, "Ɗana, ba zai matse mini numfashi ba?" Na ce, "Kawu, in ya dame ka ko kaɗan, ka yi mini alama in cire." Ya sa jallabiyarsa a kai, ya rataya kalangu a hammatar hagu, ya kama matsa igiyoyin da damtse yana saki, kuma har aka tashi madaurin bai zame ba.

Da muka zauna da safe muna duba zanen a waya, abu biyu suka tsaya mini a rai. Bugun ya fara hawa tun kafin ya taɓa fatar kalangu, a daidai lokacin da maroƙi ya ambace shi a lasifika. Sa'an nan ƙololuwar zanen ba ta zo a lokacin kiɗan rawa mai sauri ba, ta zo ne a wani take mai sanyi da ya kaɗa wa kakan ango. Da na tambaye shi, sai ya yi shiru na ɗan lokaci, ya ce taken da mahaifinsa ya fara koya masa ke nan, Allah ya ji ƙansa. Na'urar ba ta da hanyar sanin wannan, domin tsoro da murna da bege da aikin ƙarfi duk suna ta da jijiyoyin da ke hanzarta zuciya, kuma a zane kamanninsu ɗaya ne. Masu bincike ma ba sa dogara da zuciya kaɗai: lokacin da cibiyar bincike ta RITMO ta Jami'ar Oslo a Norway ta auna makaɗan Danish String Quartet, ƙungiyar makaɗa huɗu masu kayan kiɗa irin na goge, a birnin Kofanhegan a 2021, ta haɗa na'urorin zuciya da kyamarori masu bin motsin jiki, ta kuma yi wa masu sauraro tambayoyi kan abin da suka ji a ransu.

Ga malamin kiɗa ko ɗalibin da yake son gwaji mai sauƙi, ina ganin kuɗinsa ba su tafi a banza ba, musamman da yake yana ba da tazarar da ke tsakanin bugu da bugu, ba jimillar minti kaɗai ba. Amma ba ya maye gurbin likita, kuma saboda haka na kai Kawu asibiti da zanen a hannu. A 2013 masu bincike a Jami'ar Gotenbag ta Suwidin sun nuna cewa mawaƙan da ke rera waƙa tare zukatansu sukan daidaita, saboda numfashinsu yana tafiya tare. Na riga na roƙi 'yan amshin Kawu biyu su yarda a ɗaura musu madauri a bikin da za a yi bayan Sallah, in ga ko haka abin yake a amshin Hausa.