Fayil ɗin girkina da ruwan sukarin alkaki

Na daɗe ina tara girke-girke a waya. Duk wanda na gani a guruf ɗinmu na WhatsApp sai in ɗauki hotonsa in ajiye, ranar da nake buƙatarsa kuma in yi ta lalube cikin hotunan suna da na biki, hannuna duk fulawa. Da wayar ta faɗa cikin ƙullun fanke na ce ya isa haka. Na kai wa yaron da ke buga takardu a bakin layinmu ya fitar min da su a takardar A4, na shiga kasuwa na sayo fayil mai zobba biyu, mai bango mai kauri da aka lulluɓe da roba, da fakiti guda na ledojin nan masu huji 11 a gefe da ake zura takarda ciki. Kuɗin kun san shi, ba sai na tayar wa kaina da hawan jini ba.

Na yanka tsohuwar kalanda na raba shi gida-gida: miya, tuwo da shinkafa, kayan fulawa, kunu da abin sha, sai kayan gara a can ƙarshe. Ya yi kyau, har maigida sai da ya ce ko ofis zan buɗe a madafa.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne bikin ƙanwata. Mu muka ɗauki nauyin gara, alkaki da dubulan da nakiya da cincin. Alkakin kuwa na Goggo ne, ita ba ta taɓa rubuta shi ba, da baki ta faɗa min ina rubutawa da biro: a ɓarza alkama kar ta yi laushi, a kwaɓa da nono da ɗan yis, a rufe ya kwana, sannan a matsa lemon tsami cikin ruwan sukari don kar ya ƙanƙare a jikin alkakin. Wannan takarda guda ita ce ba ni da kwafinta ko'ina. Mun kai mu bakwai a tsakar gida, murhu biyu na ci, fayil na buɗe a kan tabarma kusa da ni. Wata yarinyar maƙwabta ta zo wucewa da ƙaramar tukunyar ruwan sukari, ƙafarta ta harɗe da wayar fanka, rabin tukunyar ya kife a kan shafin. Gabana ya faɗi, na riga na sallama takardar Goggo.

Wallahi da na sa tsumma mai ɗumi na goge, rubutun na nan tas, ko ɗigo bai taɓa shi ba. Ledar ta ɗan yamutse a gefe saboda zafi, shi ke nan. Matan da ke wurin kowa tambaya take a ina na saya. A ranar, da mai shagon ya zo wucewa, da na cika masa leda da alkaki kyauta.

Sai da gari ya waye na gane ban gama gani ba. Ledojin nan bakinsu a buɗe yake ta sama, ashe sukarin ya gangara ta can ya shige cikin shafuka huɗu na baya, ni kuma fuskar kawai na goge na rufe. Da na buɗe da safe, kiyashi ne baƙi ƙirin cikin ledojin, sun yi sahu kamar an gayyace su walima. Biyu daga ciki ɗana ne ya buga min su da ƙaramar firintar gida mai tawadar ruwa, rubutun ya narke ya zama shuɗin dabbare-dabbare, awon dubulan gaba ɗaya ya tafi. Waɗanda aka buga a shago da babban inji mai garin tawada ba su narke ba, sun dai manne da leda sai da na yage. Don haka in za ku buga, ku kai shago, kar ku biye wa firintar gida.

Kuma tunda na fara, bari in ƙarasa. Mai shagon ya ce min, “Hajiya, wannan zoben ko shekara goma ba zai saki ba.” Wata uku bai cika ba, zoben ƙasa ya daina haɗe baki. Duk juya shafi sai leda ta maƙale a tsagar, in ja, hujin ya yage. Zobba biyun ma a tsakiya suke, in ka jingina fayil ɗin a tsaye sai ledojin su yi ta lanƙwasowa ƙasa kamar ganyen da ya sha rana. Da na koma na gaya masa, cewa ya yi na cika masa kaya. Shafi 60 ne fa kacal a ciki! Fakitin ledar ma da ya ce 100 ne, da na zauna na ƙirga ban samu hakan ba, ban dai koma kan maganar ba don kar a ce na cika mita. Da hunturu ya shigo kuma robar bangon ta tsage a gadon baya.

Ledojin zan sake saya, amma masu kauri, kuma yanzu duk shafin da na gama gyarawa sai in liƙe bakinsa da salatif. Fayil ɗin ne ba zan ƙara sayen irinsa ba, mai zobba huɗu nake nema. Takardar Goggo na yi mata kwafi uku, asalin na sa a akwati tare da takardun makarantar yara. Da na ba ta labari dariya ta yi ta yi, ta ce, “Ke dai 'yar nan da wahalar da kai kike. Ni shekara nawa ina alkaki, wa ya taɓa ganina da fayil?” Awon dubulan ɗin da ya narke kuwa har yau ban samu wadda ta turo shi a guruf ba, na yi cigiya sau biyu shiru.