Gargaɗi ga masu niyyar ziyarar Fas: N4,650,000 ya karɓa, ya bar ni da mahaifina a filin jirgi

Kwana goma sha tara ke nan ina ɗaukar waya in rubuta wannan magana in ajiye, saboda kunya. Yau dai zan rubuta, don na samu labarin ejan tafiye-tafiyen da ya cinye mini kuɗi yana can yana haɗa wani ayarin, wai na bayan salla.

N4,650,000. Naira miliyan huɗu da dubu ɗari shida da hamsin, a biya uku, duk daga asusuna, duk ina da rasit. Kuɗin da na tara don in kai Baba birnin Fas na ƙasar Maroko ya ziyarci Shehu Ahmadu Tijjani. Baba yana da shekara 76. Tun kafin a haife ni yake wazifa, ban taɓa ganin Juma'ar da la'asar ta yi ba ya cikin zikiri ba sai in ciwo ya kwantar da shi. Ya yi aikin hajji sau ɗaya, ya je Kaulaha, amma Fas bai taɓa takawa ba. Duk sanda aka ambaci garin sai ya ce, "In da rabo." Ni kuma na ɗauki alkawari a raina cewa ni zan zama sanadin rabon nan.

Kafin wani ya ce mini na yi sakaci, ku tsaya ku ji. Shekarata 18 ina sana'ar kirgi da fata a Kano. Ina ba da kaya bashi, ina karɓa, na san mai zuwa da gaskiya na san mai zuwa da zaƙin baki. Ba a Facebook na tsinci mutumin nan ba. A zawiyar unguwarmu na gan shi, bayan an tashi daga zikirin Juma'a, wani dattijo da nake ganin girmansa ya ce ai wannan bawan Allah yana kai mutane Maroko. Dattijon ma ba shi da laifi, shi ma N600,000 na ɗansa sun tafi. Mutumin yana da ofis, shago ne a saman bene, da allo a ƙofa, da yarinya mai kwamfuta, da hotunan ayari a bango. Na je da ƙafata sau huɗu. Me ya rage wanda mai hankali zai yi ban yi ba?

Ranar da ya zo gidanmu ita ce take hana ni barci. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa har ƙasa, ya kama hannun Baba da hannu biyu ya ce, "Baba, ku sa mana albarka, mu masu hidimar 'yan'uwa ne." Ya karanta Salatul Fatihi ba gargada. Sai ya fito da waya ya nuna wa Baba bidiyo, ga shi nan tsaye a cikin zawiyar, ga hasumiyar nan mai koren ado, ga mutanen Senegal da na Mali zaune ana wazifa. Shi ne a ciki, fuskarsa ce, muryarsa ce. Baba ya karɓi wayar ya matso da ita kusa da ido, hannunsa na rawa, hawaye na zuba a gemunsa. A nan na yarda. Ina kallon hawayen nan na ce a raina ko nawa ne zan biya. Hannu biyu ya sa ya kama hannun tsohon nan, wallahi hannu biyu, yana kallon idonsa.

Kuma ya san garin, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Bai yi ƙarya a kan yanayin Fas da tarihinsa ba. Ya ce gari ne a cikin kwari, duwatsu sun kewaye shi, in ka hau tudun da kaburburan sarakunan Banu Marin suke za ka ga tsohon birnin gaba ɗaya a shimfiɗe a ƙasa. Ya ce mu tanadi rigar sanyi mai kauri, don a watan Janairu sanyin can ya fi hunturun Kano nesa ba kusa ba, har ƙanƙara tana zuba a garin Ifran da ke kan dutse kusa da su. Ya ba Baba tarihi kamar yana karantawa daga littafi: an haifi Shehu a Ainu Madi a ƙasar Aljeriya, ya zauna a Fas daga 1798 zamanin Sarki Maulaya Sulaiman, ya rasu a can a 1815, kabarinsa na cikin zawiyar. Ya ce za mu yi salla a masallacin Alƙarawiyyin da baiwar Allah Faɗima Alfihriyya ta gina a 859, mu ziyarci Maulaya Idrisa, mu shiga ta ƙofar Bab Bujulud mai shuɗi ta waje kore ta ciki. Baba yana gyaɗa kai, don duk abin da ya faɗa ya yi daidai da abin da ya sani.

Ni kuma da ya ji sana'ata sai ya juyo kaina. Ya ce, "Alhaji, ai kai ma tafiyar nan taka ce." Ya kawo zancen majemar Shuwara, ramukan rini jere kamar na Ƙofar Mata, yadda suke jiƙa fata da kashin tattabara, yadda ake ba baƙo ganyen na'ana'a ya toshe hanci saboda wari. Har ya ce ai fatar jar akuyarmu ce fatake suka riƙa ketare Sahara da ita, Turawa suka saye ta da sunan fatar Maroko. Wannan magana kakana ya sha faɗa mini ita. To wanda ya zo maka da maganar kakanka, ta ina za ka fara zarginsa?

Biya na farko N1,200,000, wai kuɗin biza da ajiye gurbi, mu biyu. Ya karɓi fasfo ɗinmu a ranar. A'a, fasfo sai a biya na biyu ya karɓa, don na tuna na Baba yana wurin sabuntawa a lokacin. Na biyu N2,700,000 na tikiti. Na uku N750,000, masauki na kwana bakwai da canjin dirhami da ya ce zai riƙe mana don kada a cuce mu a can. Don kada a cuce mu, haka ya faɗa da bakinsa. Ku haɗa: 1,200,000 da 2,700,000 da 750,000. N4,650,000. A ciki akwai N900,000 na Yayata, kuɗin adashinta ne ta ɗauka ta ce a sa a tafiyar Baba, ita ma ta samu ladan.

Na bincika tikitin, ina so a ji wannan da kyau. Da ya turo mini takardar a WhatsApp ban tsaya a kanta ba, na ba ɗan ƙanena mai ilimin kwamfuta, ya shiga shafin kamfanin jirgin ya sa lambar da sunanmu. Sunana ya fito, sunan Baba ya fito, Abuja zuwa Kasabalanka, rana da lokaci. Na gani da idona. Sai a filin jirgi wata ma'aikaciya ta yi mini bayani, cewa ejan yana iya kama kujera ba tare da ya biya ko sisi ba, sunanka zai zauna a shafin na ɗan lokaci, in ba a biya ba sai ya goge da kansa. Tikitin da aka biya yana da wata doguwar lamba mai alƙaluma 13. Namu ba shi da ita. Wa ya taɓa gaya mini haka? A wace makaranta ake koyar da shi?

Bizar ma takarda ce ya buga mai launi, da hotonmu da tambari, ya ce ta intanet ce. Da gaske Maroko tana da bizar intanet tun 2022, shi ya sa da na tambaya aka ce mini e, akwai. Abin da ban sani ba shi ne ba kowane mai fasfo ya cancance ta ba, irinmu ta ofishin jakadancinsu ake bi. Fasfo ɗinmu ko buɗe su ba a yi ba. Wani mai adaidaita ne ya kawo su shagona a cikin ambulan ana jibi tafiya, ya ce Alhaji ya wuce Abuja da sauran ayari, mu same shi a can.

Akwai magana ɗaya da ta so ta tsaya mini a wuya tun a zauren nan, na haɗiye ta. Na ce masa Baba ba ya iya doguwar tafiya, gwiwa ta yi rauni. Ya ce kada in damu, mota za ta sauke shi a bakin ƙofar zawiya. Ashe mota ba ta shiga tsohon birnin Fas. Lunguna ne matsattsu, hawa da gangara, kaya ma a kan jaki da alfadari da amalanke ake shiga da su, kuma zawiyar tana can ciki. Wanda ya je ya san haka, shi kuwa ya je, bidiyonsa na gani. Ke nan yana riƙe da hannun Baba yana sane da cewa ƙarya yake yi. Har cewa ya yi daga Kasabalanka zuwa Fas tafiyar awa ɗaya ce, alhali jirgin ƙasa kusan awa huɗu yake yi, ta Rabat da Maknas. Duk wannan daga baya na sani, bayan kuɗi sun tafi.

An yi walima. Wannan ne ba na son tunawa. Ana gobe za mu tafi Abuja gidanmu ya cika, an dafa shinkafa, almajiran Baba sun zo, tsofaffi suna ba shi saƙon addu'a, wata maƙwabciyarmu ta ƙulle N5,000 a gefen zane ta ce a yi mata sadaka a zawiyar Shehu. Muka yi tafiyar mota har Abuja, Baba sanye da farar babbar riga sabuwa. Awa biyar muna tsaye muna zaune a filin jirgi. Mu goma sha ɗaya muka haɗu a wurin, kowa da irin takardata a hannu, har da wata Hajiya daga Gusau da ta sayar da shanunta biyu. Wayar ejan a kashe. Da safiyar ranar kuwa ya ɗauka, ya ce yana hanya, cunkoso ne ya riƙe shi. Ko a daren jiya ne ya faɗi haka, na rikice, amma saƙon muryar yana nan zan saka shi.

Baba bai yi mini faɗa ba. Da ma ya yi. Da na durƙusa na gaya masa babu tafiya, ya yi shiru, ya ja carbinsa, ya ce, "Tashi, ba ka yi laifi ba. Allah bai kira mu ba tukuna." Muka kwana a Abuja gidan wani abokin kasuwancina, washegari na ƙi shiga unguwa sai da aka yi sallar isha'i. Da safe Baba da kansa ya bi gida gida yana mayar wa mutane kuɗin sadakarsu. Dattijo mai shekara 76 yana sallama a ƙofar gidaje da N5,000 a hannu.

Ofishin na koma, an cire allon, mai benen ya ce haya ta wata uku kawai ya biya. Mun kai ƙara mu goma sha ɗaya, magana tana hannun hukuma, shi ya sa lauya ya ce kada in rubuta sunansa ko in sa hotonsa yanzu. Amma rasit uku, da hirarmu ta WhatsApp tun daga sallamar farko, da takardar bizar bogin, da saƙon muryar, duk zan saka su da zarar an ba ni izini. Ba zan goge ko harafi ɗaya ba, har inda nake ce masa "Allah ya saka da alheri" bayan na tura N2,700,000.

Mai niyyar Fas: kada ka ba kowa fasfonka, ka nemi biza ta ofishin jakadanci da kanka. Tikiti in babu lambar nan mai alƙaluma 13 ba tikiti ba ne, ka kira kamfanin jirgin ka tambaya an biya ko ba a biya ba. Kada ka tura kuɗi asusun mutum. In da tsoho za ka, ka tambayi wanda ya dawo yadda ake shiga da shi.

Yayata har yau ba ta tambaye ni N900,000 ɗinta ba, ni kuma na kasa zuwa gidanta. Jakar Baba tana nan a ɗakinsa bai kwance ta ba, rigar sanyin da na saya masa tana ciki da ledarta. Duk wanda wani ejan ya zo masa da bidiyon zawiya da zancen ayarin bayan salla, ya yi mini magana kafin ya tura ko naira ɗaya, zan gaya masa ko shi ne.