Sunan Aro Ko Sunanka: Dublin da Cheerwine

Ƙaramin kamfanin lemon kwalba yana da hanya biyu: ya karɓi lasisin babban kamfani, ko ya haɗa nasa lemon da nasa suna. Kamfanoni biyu a Amurka sun gwada, kowanne da tasa.

A ƙaramin garin Dublin na jihar Texas, Sam Houston Prim ya fara cika kwalaben lemon Dr Pepper a 1891. Ya samu suna a shirye, ba sai ya ƙirƙiro nasa ba. Amma yarjejeniyar ta ɗaure shi da'irar mil 44 kawai. Da sauran masu lasisi suka koma zaƙin masara don rahusa, masana'antar Dublin ta tsaya kan sukarin rake. Mutane suka riƙa tuƙo mota daga nesa suna lodin akwatuna a but. Wannan farin jinin ya jawo mata ƙara a kotu daga kamfanin da ya mallaki Dr Pepper a 2011, bisa zargin sayarwa a wajen iyakarta. A Janairun 2012 ta daina yin Dr Pepper, bayan shekara 120. Abin yana yi mini ciwo.

Shi kuwa L.D. Peeler na garin Salisbury a North Carolina, ƙarancin sukari lokacin yaƙin duniya na farko ya sa ya ƙirƙiro Cheerwine a 1917, jan lemo mai ɗanɗanon ceri. Ya daɗe bai wuce yankinsa ba, amma har yau zuriyarsa ke riƙe da kamfanin. Ni hanyarsa zan bi.