Wasiƙa daga Bournemouth: zangon da kare ma ke biyan kuɗin kwana

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata Hajiya ta samu sauƙin ƙafar, yara kuma suna lafiya. Ka ce in buɗe ido in gano maka sana'ar da mai hayar kanofi da kujeru irinka zai iya ɗauka ya kai Kaduna. To ga wata, amma ka karanta har ƙarshe kafin ka fara lissafin riba.

Garin da nake, Bournemouth, yana bakin teku a kudancin Ingila. Gabas da shi akwai unguwanni da garuruwa irin su Southbourne da Christchurch da Mudeford, sai kuma gandun dajin New Forest, wanda Sarki William ya keɓe don farauta wajen 1079, aka mai da shi gandun ƙasa a 2005. Dawaki suna yawo a cikinsa sakaka, har kan titi. A gefen dajin da bayan unguwannin nan akwai filayen da mutum zai biya kuɗi ya kafa tanti ya kwana. Mai gida da gado da na'urar ɗumama ɗaki sai ya loda iyalinsa a mota ranar Juma'a ya tafi ya kwanta a ciyawa, kuma da kuɗinsa. Abin ya daɗe a jikinsu, don ƙungiyarsu ta masu kwanan tanti tun 1901 take.

Kayan dai ba wani abin mamaki ba ne. Tanti, katifar da ake hurawa, jakar barci, ƙaramin murhun gas, tocilar ɗaurawa a goshi, duk suna jibge a kantuna irin su Decathlon, kuma yawancinsu daga Asiya aka ƙero su, kamar namu. Na tabbata in ka yi haƙurin tonawa a Kasuwar Barci za ka samu gwanjonsu. Tamfol ɗinka ma ya fi wasu tantunansu kauri. Inda suka fi mu shi ne in zif ya lalace ko sanda ta karye, za ka koma da rasit a canza maka ba tare da an rantse maka cewa lafiya lau ka ɗauka ba.

Abin da ake sayarwa a zangon hidima ce. Ta intanet za ka kama wuri, a ba ka lambar filinka. A lokacin zafi dare ɗaya da lantarki yakan haura fam 30. Da wannan kuɗin za ka samu famfo, banɗaki mai ruwan zafi, wurin wanke kwanuka, da soket a jikin turke kusa da tantinka. Babu janareta, babu mai kunna kiɗa bayan sha ɗaya na dare. A Ingila ba a kafa tanti a filin da aka ga dama sai da izinin mai shi, in ban da wani yanki na gandun Dartmoor da ke kudu maso yammacin ƙasar, kuma a rairayin Bournemouth an hana kwana gaba ɗaya. Wannan dokar ita ce rabin cinikin masu zango.

Yanzu ga maganar da za ta ba ka dariya. Lokacin kama wuri, bayan yawan manya da yara, sai a tambaye ka karnuka nawa. Wurare da yawa suna ƙara fam 2 ko 3 a kan kowane kare kowane dare, wasu kuma ba sa karɓar fiye da biyu. Akwai filin da aka kewaye don kare ya yi gudu, akwai famfon wanke masa ƙafa in ya dawo daga rairayi, har askirim nasa na musamman ake sayarwa a shagunan bakin teku. Da idona na gani, Yaya. Mu da muka san kare da gadi da farauta, a ɗaure shi bayan gida a watsa masa ƙanzo, sai ga shi a nan ana buga talla da sunansa, domin zangon da ya ƙi karɓar kare ya kori iyalai da dama.

Sai dai gatan nan da takunkumi yake tafe, kuma a nan ne na ga abin koyi. Tun Afrilun 2016 dole ne a sa wa kowane kare wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lambar da za a gano mai shi, in ba haka ba tara har fam 500. Cikin zango kare ba ya rabuwa da igiya. In ya yi kashi, mai shi zai sunkuya ya kwashe da leda ya kai bola, ko lauya ne ko likita, in ya ƙi kuwa ƙaramar hukuma ta ci shi tara. Daga 1 ga Mayu zuwa 30 ga Satumba an hana karnuka shiga manyan sassan rairayin, an bar musu wasu. Akwai ma jinsunan da doka ta haramta tun 1991, aka ƙara XL Bully a 2024. Ciwon haukan kare kuwa sun rabu da shi tun wajen 1922. Ka tuna yadda ake faɗi-tashin neman allura a gida in kare ya ciji yaro.

Na san Hajiya za ta tambayi maganar tsarki. Ka gaya mata tabarmar sallata ba ta barin cikin tanti, kwanukana kuma ba na ajiye su a waje. In kare ya nufo ni na ce wa mai shi ba na so, nan take yake janye igiya ya ba da haƙuri. Ban taɓa samun wanda ya ɓata rai ba.

To me za ka iya ɗauka? Karen dai ka bar musu abinsu, babu Bakadune da zai biya wa Durwa kuɗin kwana. Wuri kuwa muna da shi, har ya fi nasu rana: bakin dam ɗin Kangimi, duwatsun Kajuru, gaɓar Kogin Kaduna lokacin hunturu. Amma ni da kai mun san dalilin da ya sa gandun Kamuku na Birnin Gwari ba ya ganin baƙi. A nan mace da 'ya'yanta za su kwana bayan ƙyalle a gefen daji, ba katanga ba maigadi, ba wanda zai ce ta yi ganganci. Wannan ba a lodo shi a kwantena.

Shawarata ka fara daga cikin gari, da fili mai katanga, da rana kawai ko dare ɗaya, ga makarantu da ƙungiyoyin matasa. Ka zuba kuɗinka a banɗaki mai tsabta da ruwa da fitilun sola kafin ka sayi ko tanti ɗaya, domin banɗaki ne ke kashe wuraren shaƙatawarmu. Ka rubuta farashi a allo, kada ya canza da ganin motar mutum. Ka turo min faɗin filin nan na Malali da ka ce ana bayarwa haya, in auna tanti nawa zai ɗauka da irin tazarar mita 6 da suke bari a nan saboda gobara. A gaida Hajiya da Anti.